Rufin Gidan da Ba Nawa Ba

Ni dai tun ina yaro ban taɓa yarda cewa kwano ya fi ƙasa ba, kuma har yau da furfura ta cika min kai ban sauya ra'ayi ba. A soron ƙasa aka haife ni. Aikin asibiti ne ya yi ta yawo da ni daga wannan gari zuwa wancan, ko'ina aka tura ni sai in kama haya a gidan bulo mai rufin kwano, wanda in bazara ta kankama sai ka rantse a tanda aka saka ka. Da aka dawo da ni Bodinga, ritaya kuma ta matso, na ce wa maiɗakina a nan zan sayi gida mu zauna, amma tsohon gida nake so, na ƙasa.

"Mutane suna gudun ƙasa, kai ko kana bin ta da gudu," in ji ta. "Ka yi haƙuri mana, ai dut can za mu."

Wani tela da ke min ɗinki a kasuwa shi ya ba ni labarin gidan. Na mahaifinsu ne, ya rasu bayan kaka, magada kuma sun yarda a sayar a raba. Ranar wata Juma'a da aka sauko daga masallaci ya kai ni.

Tun daga bakin zaure na san na gamu da abin da nake nema. Rana na dukan mutum a waje kamar da gayya, amma ina sa ƙafa ciki sai sanyi ya rufe ni. Kaurin bangon ya isa mutum ya zauna a bakin ƙofa ya jingina. Na ɗaga kai na ga an ɗauro ginin daga kowace kusurwa, ya lanƙwaso ya haɗu a tsakiya, inda aka manna wata tsohuwar tasa ta tagulla. Azarar da aka jera tsakanin ɗaurin ta yi baƙi ƙirin don tsufa, an shirya ta kamar saƙar tabarma, kuma na bi ta da ido ɗaya bayan ɗaya ban ga inda gara ta taɓa ba. Ƙyauren na katako ne mai nauyi, da ƙusoshin maƙera masu manyan kawuna. A jikin bango akwai alkuki, ɗan ramin da ake ajiye fitila, har lokacin da tabon hayaƙi a samansa. Daɓen ƙasan ɗakunan yana ƙyalli. Can saman ƙofar shiga, cikin zanen da aka yi wa bangon, ana iya ganin sawun yatsun maginin da ya yi shi, mutumin da ko telan bai san sunansa ba.

Na shafa bangon na ce a raina, wannan gida nawa ne in Allah ya yarda. Ina son sa, so na gaske, irin wanda ke hana babban mutum barci.

Matsala biyu ce. Ta farko, babban wansu, manomi mai shanu da ke zaune a Kajiji, ya ce ba za a ƙulla ciniki da kowa ba sai ƙanwarsu da ke aure a Kudu ta zo, ita kuma ba za ta zo ba sai bayan damina. Ta biyu, akwai wani ɗan kasuwa da ke son wurin don ya rushe ya jera shaguna, tunda gidan na kusa da titi. Shi ba ya gaggawa. An ce ya faɗa a majalisa cewa a bari damina ta yi aikinta tukuna, sai ya sayi fili a kuɗin fili.

Ya san abin da yake faɗi. Gidan ƙasa ba ya son shekara guda ba mai shi. Abin da ya riƙe wannan gida duk tsawon zamaninsa shi ne, marigayin bai taɓa barin ruwan farko ya sauka ba sai ya sake yaɓe rufin. A bana kuwa babu marigayi. Na ari tsani na hau, na tarar da rufin ya tsattsage, busasshiyar ciyawar bara ta kafa saiwa a cikin tsagar, indararon da ke zubar da ruwa kuma tsuntsaye sun toshe su da sheƙa. In ruwa ya kwanta a wurin ya ratsa zuwa azara, an gama.

Na sauko na tambayi telan wa zai yi yaɓen bana.

"Likita, wa ka zuba guminai ga abin da za a raba?" in ji shi. "Kowa na jiran wani. In ka ga kana iyawa, bismilla."

Ni kuwa na ɗauki wannan bismillar da hannu biyu.

Da na gaya wa maiɗakina sai ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Ka saye shi ban sani ba?"

"Ban saya ba tukuna."

"To gidan mutane za ka yaɓe?"

Na ce mata gidan da zan saya ne, kuma ba kango nake so a miƙo min ba. Ta girgiza kai ta ci gaba da aikinta. A asibiti ma ban tsira ba, abokan aiki suka laƙaba min suna mai gidan mutane. Ban damu ba, don na san abin da idona ya gani.

Na samo magina biyu, masu jakai suka kawo jar ƙasa, aka kwaɓa ta da ciyawa aka bar ta ta kwana biyu ta yi laushi. Ranar aikin na tuɓe rigata na naɗe wando na shiga cikin kwaɓin ina takawa tare da su, abin da rabona da shi tun ina saurayi a gidanmu. Muka cire ciyawar, muka cike tsaga, muka yaɓe rufin sumul da ɗan gangare zuwa bakin indararo, muka fasa sheƙar tsuntsaye. Unguwa ta fito kallo. Wata tsohuwa maƙwabciyar gidan ta aiko mana da ƙwaryar fura, tana ta sa albarka, tana cewa baƙo ya rufa wa gidan marigayi asiri. Na ji daɗin maganar, ba zan ɓoye ba. Ashe maganar nan ta hau babur ta nufi Kajiji.

Ruwan farko mai ƙarfi ya zo da la'asar. Ina ganin hadari ya haɗo daga gabas na bar abin da nake yi na ruga, na buɗe zauren na tsaya a tsakiyarsa. Aka yi ta sheƙa ruwa kamar ba za a daina ba. Indararo suna ta kwarara a waje, a ciki kuwa ko ɗigo. Na zaga ɗakunan ɗaya bayan ɗaya ina shafa bango, ko'ina a bushe. Na tsaya ni kaɗai a gidan da ba nawa ba ina dariya, ina tuna mai shaguna.

Ba a daɗe ba telan ya zo ya same ni, fuska ba walwala, ya ce Yayansu na Kajiji ya iso yana son ganina.

A zauren muka haɗu. Dattijo ne dogo, ya girme ni nesa, da sandarsa a gefe. Na durƙusa muka gaisa gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da dabbobi da ruwa, na yi masa ta'aziyyar mahaifinsu. Ya amsa duka a natse. Sai da gaisuwa ta ƙare ya dube ni.

"Malam likita, wa yab ba ka izni ka hau bisa gidan ubana?"

Telan ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Ban ga amfanin tona shi ba.

"Ranka shi daɗe," na ce, "hadari nig gani ya taso, ban ga magada ba."

Na zaci zai fusata. Amma sai ya ce a wurin wani bikin suna aka gaya masa, a gaban surukansa. Wani ne ya taso musamman ya yi masa barka, wai Allah ya kawo baƙon da ya yaɓe gidan tsohonsu, tunda 'ya'yansa ba su samu sukuni ba.

"Ɗiya nai maza suna raye, da ƙahwahunsu da hannuwansu," in ji shi. "Tun da uwata ta haihe ni ban taɓa jin kunya irin ta rannan ba."

Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon azarar. Ya ce tun bai kai tsawon sandar nan tasa ba mahaifinsu ke hawar da shi rufin duk shekara, yana miƙa masa curin ƙasa. Ya ce da ya iso da safe ya hau ya duba, kuma aikin ya yi, ba abin da zai kushe. A nan zuciyata ta ɗan kwanta, na ce a raina to ga ciniki ya zo.

"Wahalar da kay yi za a kai ma ladanta har gida," ya ce. "Amma gidanga ba a saida shi. Shanu zan kai kasuwa in ba ƙannena rabonsu. Babban ɗana shi dawo nan da iyali nai."

Na roƙe shi, ni da ba na iya roƙo. Na ce masa ba zan taɓa ko ƙusa ɗaya ba, ba zan shafa siminti ba, ba zan ɗora kwano ba, zan riƙe gidan yadda mahaifinsu ya riƙe shi, kuma duk ranar da ya shigo Bodinga zauren nan masaukinsa ne.

"Na sani," in ji shi. "Ai shi ya sa. Da ka bari soro guda yar rubza, da na saida ma shi da rahusa, in yi ma godiya bisa. Yanzu ko da wane ido zan miƙa ma shi?"

Na miƙe. Na yi masa sallama yadda ya kamata, na fito cikin rana.

Abin ya yi min ciwo, kuma har yau in na bi ta titin na ga hayaƙi na tashi daga cikin gidan, yara na wasa a bakin zaure, sai na ji ciwon ya motsa. Amma ko sau ɗaya ban ce da na sani ba. Da za a maido ni bakin tsanin nan, hadari na haɗowa, na san sarai abin da zai biyo baya, hawa zan yi.

Ran nan da na koma gida na shirya wa tsiyar maiɗakina, don ta samu abin yi na shekara guda. Na zauna na gaya mata duk yadda muka yi da dattijon. Ta saurara har na gama ba ta katse ni ba.

"To gidan, rushe shi za a yi?" ta tambaya.

"A'a. Zama za su yi ciki."

Ta turo min kwanon tuwo gabana, ta zauna kusa da ni tana min fifita, kwanon rufin hayarmu na ta ƙara a samanmu don zafi.