Makullin da Yaya Ya Ba Ni Ajiya

Yayana mai yanka makulli ne. Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani bene, daf da inda motocin haya ke sauke mutane, kuma in ya miƙe hannuwansa biyu sai ya taɓa bangon nan da bangon can. Makullan da ba a yanka ba suna rataye a kan ƙusoshi jeri-jeri, injin yana kan tebur, garin ƙarfe kuwa ko'ina, har cikin girarsa. Shekara ashirin da biyu yana wurin. Mutanen layin kan ce masa Mai Makulli, mu a gida Yaya ne, har mahaifiyarmu haka take kiran sa kafin ta rasu.

A da mutum ne mai surutu. In ka kawo masa kwaɗon da ya ƙi buɗuwa, sai ya kara shi a kunne ya ce, "Ai wannan fushi yake yi. Me ka yi masa?" Shayinsa cokali huɗu na sukari, da rabin burodi. In na yi magana ya ce shayin da bai manne leɓe ba ruwan wanka ne.

Yana da shekara arba'in da shida ƙodojinsa suka daina aiki. Ya yi shekara ɗaya da rabi ana yi masa wankin ƙoda sau uku a mako, har ya koma kamar sanda. Aka gwada mu, mu uku da muke ciki ɗaya da shi, sai tawa ta dace. Ni ce auta, malamar firamare, ɗakina yana saman nasu a gida ɗaya. Ba zan ce jarumta na yi ba. An ce ni ce, na ce to. Aka cire ta hagu aka dasa masa.

Ya dawo gida da leda cike da magunguna. A cikinsu akwai wata ƙaramar farar ƙwaya, sitiroyid, wadda zai sha kowace safiya muddin yana raye, don kada jikinsa ya ɗauki ƙodar a matsayin baƙuwa ya far mata. Ƙwayar ta yi aikinta. Ta kuma cika masa fuska har maƙwabta suna yi wa matarsa, wadda nake kira Anti, barka da iya kiwo. Ta sa masa wata irin yunwa da ban taɓa gani ba. Zai tashi daga kan faranti yana waige-waigen abin da zai ƙara, ba don daɗi ba, don dai cikin bai ji an zuba komai ba.

Wata uku da dashen, likita ya ce suga ya hau. Yaya ya tambaya ko zai daina ƙwayar tunda ita ta jawo. Likita ya ajiye bironsa.

"Ko kwana ɗaya kada ka tsallake ta. In ka bar ta, jikinka zai lalata ƙodar. In ka bar sugan haka, shi ma a hankali zai lalata ta. Ƙwaya tana nan daram. Farantinka za mu gyara."

Gaba kura, baya sayaki ke nan. Aka ba mu takarda, Anti ta manna ta a ƙofar firij. Babu sukari a shayi, babu lemon kwalba. Shinkafa da burodi da taliya kaɗan-kaɗan. Rabin faranti ganye, sai ƙwai ko kifi ko wake.

A nan ne bakina ya shigo. Ni dama ba ni da linzami, ɗalibaina ma sun sani. Wata rana muna cin abinci ya kai hannu zai ƙara shinkafa, na doke hannun na ce, "Yaya, ƙodata fa!" Aka kwashe da dariya, shi ya fi kowa. Da na ga ta karɓu sai na mayar da ita waƙa. In ya kalli biskit, ƙodata fa. In ya tsaya a gaban firij, ƙodata fa. Ban lura da ranar da ya daina dariyar ba, don ni tawa nake saurare.

Wata Asabar da hantsi na sauko na tarar da shi tsugune a kicin da sukundireba. Ya sa wa kabad ɗin da ake ajiye burodi da sukari da biskit ɗin baƙi ƙaramin kwaɗo. Ya datse, ya ja ya ji ya kama, sannan ya miƙo mini makullin.

"Riƙe wannan, Auta. In antinki tana son abu, ta hau ta karɓa."

"Kai Yaya! Kai da kake buɗe ƙofar mutane da guntun waya? Wannan ɗan kwaɗon ai ko da tsinke ka buɗe shi."

"Na sani," ya ce. Ya tattara kayansa ya tafi shago.

Na zura makullin cikin zoben makullaina, tsakanin na ɗakina da na ajinmu. Bai taɓa buɗe kabad ɗin ba. Anti ta sha auna burodin da ido ta ga yadda ta bar shi.

Muka sayi na'urar gwajin suga. Kowace safiya, kafin ya sa komai a baki, Anti za ta tsira masa yatsa ta rubuta lambar a kalanda. Lambobin suna da kyau, kullum da kyau. Muka yi ta hamdala, muna ganin mun iya. Tsarinmu kuwa shi ne, da safe a ba shi shayi ba sukari da dafaffen ƙwai ɗaya, don kada a ɓata lambar nan mai kyau. Shinkafar da aka yarje masa ta yini guda sai Anti ta haɗa ta duka a kula ɗaya, ya tafi da ita shago ya ci da rana. A ganinmu lokacin yana aiki, jiki zai ƙone ta. Tausayi ne ya sa muka yi haka.

Sai makullai suka fara dawowa. Anti ce ta faɗa mini, a hankali, kamar tana tona asiri. Mutumin da bai taɓa yanka makulli sau biyu ba, yanzu a mako sai a dawo masa da uku ko huɗu, wai sun ƙi juyawa. Duk kuma na yamma ne. Na safe lafiya lau.

Ranar Laraba da aka tashi daga makaranta na ɗauki na'urar na biya ta shagon, wajen ƙarfe huɗu. Na tarar da wata mata a tsaye tana faɗa, karo na uku ke nan tana dawowa da makullin ɗakin ajiyarta. Yaya bai kara komai a kunne ba, bai yi zolaya ba. Ya kawo makullin kusa da idonsa, ya nisanta shi, ya sake kawowa. A ƙarƙashin tebur akwai gorar ruwa uku, duk babu komai a ciki. Da matar ta tafi na ce ya ba ni yatsa. Ya miƙo ba tare da ya dube ni ba.

Lambar da ta fito ta ninka ta safe sau biyu, har da ɗoriya. Na ce na'urar ce ta rikice, na sake tsira wani yatsan. Ta ƙara fitowa haka.

"Tun yaushe idonka yake yin hazo?"

"Ya kwana biyu."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ai kalanda ta ce lafiya," ya ce.

Washegari muka koma asibiti. Nas ɗin da ke kula da masu dashe ta duba kalandar da Anti ta naɗo, ta tambayi ƙarfe nawa ake gwajin, me yake ci da rana. Ba ta yi mana faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce irin wannan ƙwayar in an sha ta da safe, sai rana ta yi take tura suga sama, ya kai ƙololuwa da yamma, kafin gari ya waye ya sauko. Wato mun yi wata biyar muna leƙa gidan a lokacin da ɓarawon ba ya nan. Sannan kuma daidai lokacin da ƙwayar ta fi ƙarfi muke zuba masa kula guda ta shinkafa.

Ta juya tsarin. A matso da yawancin shinkafar ko burodin zuwa safe. Da rana kada ta wuce dunƙulen hannunsa, sauran kabeji da wake da kifi. In ya ci, ya taka na minti ashirin. Gwaji kuma awa biyu bayan abincin rana. Likita ya ƙara masa wata ƙwaya ta suga, ya ce gwajin ƙodar ya ɗan motsa, ba da yawa ba, mu dawo bayan mako uku a sake dubawa.

A motar haya muna dawowa, Yaya yana gefen taga. Da muka wuce tasha ta biyu sai ya ce mini:

"Auta, in ta lalace ki yafe mini. Wallahi ban ci amanarki ba. Abin da aka zuba mini shi nake ci."

Na jira in ji wani abu a raina, kuka ko haushi. Ban ji komai ba. Na zauna ina kallon ƙeyar mutumin da ke gabana, yana da wani ɗan tabo a bayan kunne. Anti ce ta ce, "Haba, wace irin magana ce wannan."

Ya bi sabon tsarin kamar yadda yake bin haƙoran makulli. Kafin Anti ta rufe kula, sai ya dunƙule hannunsa ya kara kusa da shinkafar, in ta fi sai ya rage da cokali. Ƙarfe ɗaya da rabi yana ci. Ƙarfe biyu saura ya rufe shago ya taka zuwa ƙarshen layi ya dawo, sau huɗu, ba ya tsayawa gaisawa. Uku da rabi ya tsira yatsa ya rubuta a bayan wani kwali. Yunwar tana nan, na sani, don ina ganin yadda yake haɗiyar yawu in mai burodi ya wuce da kekensa. In ka tambaye shi ko abincin ya yi daɗi sai ya ce, "Ya shiga."

Bayan mako uku gwajin ƙoda ya koma daidai. Lambobin yamma suka sauko, hazon ido ya washe, makullai suka daina dawowa. 'Yan'uwa suka yi ta bugo waya ana barka. Shi kuwa ya ce madalla, ya naɗe takardar sakamakon ya sa a aljihu. An fi shekara yanzu a haka. Yana zuwa shago, yana dawowa, yana shan ƙwayoyinsa. Ƙodar lafiyarta ƙalau. Mutumin da nake so ya rayu da ita ne ban sake gani ba. Na daina faɗin "ƙodata fa" tuntuni, amma magana zarar bunu ce.

Watan jiya na cire makullin kabad ɗin daga zobena. Sai da na karya farce kafin ya fita. Na je shagon bayan ya dawo daga tafiyarsa ta rana, na ajiye shi a kan tebur kusa da injin.

"Yaya, ga makullinka. Ƙodar nan ba ajiya na ba ka ba, kyauta ce. Taka ce, ba tawa ba. In ka ga dama wata rana ka sa rabin cokali a shayi, nas ma ta ce ba haramun ba ne in an lissafa. Ni dai na gaji da gadin kabad."

Na shirya maganar tun a aji, na ɗauka zan yi kuka in na zo nan. Ta fito kamar ina kiran sunayen ɗalibai.

Ya ɗauki makullin ya juya shi a haske. Ya shafa haƙoransa da babban yatsa. Sai ya miƙa hannu ya zaro wani sabo daga ƙusa, ya ɗaure su biyun a injin, ya kunna. Na tsaya ina jin ƙarar, garin ƙarfe yana zuba a kan tebur. Na ce a raina, to, zai riƙe ɗaya ke nan, ko ba komai an fara. Ya kashe injin, ya goge sabon da magagari, ya hure shi, ya haɗa su ya ga sun yi daidai.

Ya kamo hannuna ya zuba mini su duka biyun a tafi.

"Ɗaya a jaka, ɗaya a ɗaki," ya ce. "Na san ki da yar da abu."

Wani mutum ya leƙo da kwaɗo a hannu, Yaya ya juya gare shi. Na fito bakin titi na tsaya jiran mota. Sabon makullin da sauran zafin inji a jikinsa, na riƙe shi har ya huce.