Farcen Dorina

Kowa a unguwarmu ya san ina ƙara wa zance gishiri. In na ga ɓera a ɗakin girki, kafin in isa majalisa ya zama gafiya, kafin a kira la'asar ya kai ɗan akuya. Mutane suna dariya, ni ma ina yi, kowa ya tashi da haƙarƙarinsa yana ciwo. Ban san wanda wannan hali ya taɓa cuta ba sai mutum ɗaya, kuma shi ne wanda na fi so a dangi kaf.

Taubashina ne, ɗan goggona, ya girme ni da shekara huɗu. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka tun muna yawo ba wando nake kiransa bawana, shi kuma yana ce mini Rediyo. Ubansa makaɗin garaya ne na mafarauta, shi ma ya gada. Yana da rumfar gyaran keke a Ƙofar Durbi, amma kiɗan ne ke ɗora tukunya a gidansa: suna, biki, taron mafarauta in an dawo daga daji.

Garaya tsirkiya biyu gare ta, kuma ba da tsurar yatsa yake kaɗa ta ba. Akwai wata 'yar fata busasshiya mai tauri, ba ta fi faɗin babban yatsa ba, da yake riƙewa yana bugun tsirkiyar da ita. Farce yake ce mata. Yawancin makaɗa da fatar sa suke yin nasu, na ma taɓa ganin wanda ya yanko gindin jarka yana kiɗa da shi, ana rawa har ƙura. Amma bawana ya kafe a kan cewa farce na gaske sai na fatar dorina. Ubansa yana da irinsa, ya ɓace a wata farauta tun kafin tsohon ya rasu, kuma tun daga ranar, in ji shi, garaya ba ta ƙara magana a Katsina ba, tari kawai take yi.

"Fatar sa cizon tsirkiya take," haka yake cewa. "Ta dorina lallashinta take."

"Bawana, fata fata ce. Ko da marfin kwalba ka kaɗa, masu rawa ba su san bambanci ba."

"Masu rawa ba su sani ba. Hannuna ya sani."

Shekara goma sha uku da suka wuce ofishinmu ya tura ni taron bita Yauri, kwana biyar. Da hantsin ranar da zan tashi sai ga shi da ƙullin kuɗi a leda. Ragon da yake kiwo don layya ne ya sayar. Ya ce in nemi masunta na bakin gulbi, ko nawa suka ce in ba su, in dai zan zo masa da fatar dorina ko da girman ƙwandala ce. Na buga ƙirji na ce ko a bakin dorinar ne sai na yanko.

Na manta. Ba wani uzuri, mantawa na yi. Kwana biyar ina cin kifi kamar an ce daga ranar za a rufe gulbin, ina ba 'yan taro labarin Katsina, suna riƙe ciki. Sai da muka shigo gari ta Ƙofar Kwaya, na laluba aljihun jaka zan sallami mai acaba, na ji ƙullin ledar nan yadda ya ba ni shi.

Abin da ya kamata in yi a fili yake: in je in ce masa na manta, ga kuɗinka. Zai yi mini tsiya shekara guda, ya kira ni ubangidan banza a gaban mata, shi ke nan. Amma Rediyo ya dawo daga tafiya hannu rabbana, ba kaya ba labari? Sai na ce wa mai acaba ya juya Babbar Kasuwa.

A layin dukawa akwai bulalu rataye reras. Kowa dorina yake ce musu. Malamin makaranta in zai saya dorina zai tambaya, mai shanu ma haka, alhali badukun da kansa zai gaya maka fatar sa ce daga kwata. Na sayi ɗaya a kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa da miya ba. Na sa badukun ya yanko mini wajen mariƙi inda ta fi kauri, ya goge gefe da gefe, ya shafe shi da man shanu. Ina tsaye ina shirya wa kaina fatawa: in ya tambaye ni, zan ce daga jikin dorina aka yanko shi, kuma ban yi ƙarya ba. Ina jin ranar Shaiɗan da kansa ya ɗauki biro ya rubuta wannan dabara.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma da na isa rumfarsa na ga yadda ya ajiye sifana ya goge hannu a riga, sai bakin ya buɗe. Na ba shi labarin wani tsohon masunci mai ido ɗaya, da kwalekwalen da ya ƙetare da ni gulbi yana shan ruwa ina kwashewa da hula, da dorina mai girman gingimari wadda ta kifar da jirage bakwai kafin a ci ƙarfinta. Ya karɓi farcen da hannu biyu, ya kai hanci.

"Har ƙanshin ruwa shike yi," ya ce.

Man shanu ne da warin layin dukawa.

Ya aika gida aka kawo garayar, ya gyara zama a kan benci, ya kaɗa taken ubansa. Ni da nake ƙara gishiri, a nan ba ni da abin ƙarawa. Ban taɓa jin ya yi kiɗa irin na ranar ba. Mai shayi ya bar tukunya tana tafasa, wani dattijo da ya kawo faci ya manta da kekensa. Ni kaina sai da na ji kamar na ga tsohon nan mai ido ɗaya.

Sauran kuɗin suka zame mini ƙaya, don in na mayar asiri ya tonu. Da matarsa ta haihu bayan wata uku sai na saya masa ragon suna da su. Ya bi dangi gida gida yana faɗin kirkina, har goggo ta kira ni ta sa mini albarka tana hawaye. Na durƙusa ina amin, amin, a kan ragon ɗanta.

Farcen kuwa ya zama sarki. Ya sa aka ɗinka masa 'yar jakar fata, ya rataya a wuya kamar laya. Makaɗa 'yan'uwansa in sun zo gani daga nesa yake nuna musu, ba a taɓawa. Wani ya zo daga Maraɗi ya ce zai ba da babur a kansa, ya ƙi. To, ni na ce babur, mai yiwuwa keke ne. Gayyata ta ƙaru, ya sake rufin ɗakinsa da kwano. Duk inda aka taru kuma sai ya ce, "Rediyo, ba su labarin dorinar nan." Ni kuma in bayar. A shekara ta biyar jiragen da ta kifar sun kai goma sha tara.

Bara da damina, ana tsakiyar wani biki, farcen ya tsage biyu. Shekaru sun cinye shi, ya yi siriri kamar ganyen albasa. Ya ɗauko tsohon farcensa na fatar sa, ya kaɗa baiti biyu, ya tsaya, ya ba masu biki haƙuri ya tafi gida. Bayan nan ya mayar da gayyata uku. Garayar ta koma jikin bango.

Matarsa ce ta zo gidana. Bayan mun gaisa, an tambayi yara da damina da masu jiki, ta ja mayafi ta ce, "Alhaji, wasa wasa fa abin ya zama babba. Gyaran keke yanzu mi shike kawowa, kowa ya hau babur? Buhun geron ya zo gindi. Shi ba zai iya roƙonka ba. Don Allah ka koma wurin tsohon nan."

Washegari na same shi a rumfa yana gyaran sarƙar wani keke. Na zauna, ban kira shi bawana ba. Na ce masa, "Yaya, akwai maganar da zan faɗa maka." Ya ɗago, don rabon da in ce masa Yaya tun rasuwar ubansa. Na gaya masa komai: mantuwar, layin dukawa, man shanu, har ragon suna. Ban ƙara ko ƙwayar gishiri ba.

Ya saurara har na gama, sannan ya koma kan sarƙarsa yana murmushi.

"Rediyo, in tsoron hanya kake, ka ce tsoron hanya kake. Ba wanda zai ga laifinka."

"Wallahi gaskiya nake faɗa maka."

"Kai da ka rantse ka ga kifi da agogo a cikinshi, agogon shina tafiya daidai?"

"Wancan daban. Zo mu tafi kasuwa, badukun yana nan da ranshi."

Murmushin ya tafi. Ya ajiye sarƙar.

"Shekara goma sha biyu abu na hannuna, safe da yamma. Kai za ka hwaɗa mani ko mi ne ne? Ni jaki ne da ban san fatar sa ba?"

A nan na gane abin da nake neman ya haɗiye. Ya yarda ni maƙaryaci ne, wannan tsohon labari ne, ba zai hana shi cin tuwo ba. Amma in ya gaskata ni sai ya yarda hannunsa bai sani ba, kuma duk wanda ya nuna wa farcen daga nesa zai ji. Na dubi yatsunsa baƙi ƙirin da man keke. Daga baya na ce, to, zan je.

Na je kuwa, wannan karon da gaske. Kwana biyu ina bin bakin gulbi a Yauri ina tambaya, mutane suna kallona kamar ɗan leƙen asiri, don doka ta hana taɓa dorina, ba mai son a ji zancen a bakinsa. Da ƙyar aka haɗa ni da wani dattijo da ya gaji tsohuwar bulala daga kakansa. Idonsa biyu garau, kwalekwale kuma ban ko taka ba. Na yi roƙo har muryata ta dushe kafin ya yanko mini guntu. Abu ne mai kauri, baƙi, mai nauyi, da ka riƙe ka san ba daga kwata ya fito ba.

Na kawo wa bawana, na gaya masa yadda aka yi daidai da daidai. Ya juya shi, ya shinshina, ya ɗauko garaya ya buga sau uku. Ya miƙo mini.

"Sun cuce ka. Wanga ko sa ne ko raƙumi. Da jin labarin ma ba wurin tsohon nan ka tahi ba."

Na fita daga gidan ban san inda na sa ƙafa ba. Ƙafar dai ta san hanya, ta kai ni layin dukawa. Badukun yana nan, ya yi furfura, ya sa tabarau. Na sayi dorina, ya yanka wajen mariƙi, ya goge, ya shafa man shanu. Bai gane ni ba, ko kuma ya yi mini kara.

Kwana tara farcen yana aljihuna na kasa kai shi. Har na tare limaminmu bayan azahar, na ce akwai wani abokina da ya yi kaza da kaza, yanzu ga halin da ake ciki.

"Abokin nan naka," in ji liman, "shi ma Rediyo ake ce mashi?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce ƙarya ƙarya ce ko an shafa mata man shanu, in je in faɗa wa mutumin gaskiya in nemi gafararsa. Na ce na faɗa, ya ƙi yarda. Liman ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "To, Allah shi kyauta," ya shige gida.

A rana ta goma matata ta ce mini ta ga matar bawana tana auno gero da tiya a bakin kasuwa, ita da a da sai buhu. Na ɗauki hula na fita.

Na ce wa bawana tsohon mai ido ɗaya ya rasu, amma labarin nemansa da na yi ya kai kunnen tsohuwar matarsa, ta aiko wani direba da guntun da ya rage na waccan dorinar. Na so in tsaya a nan. Ya zuba mini ido yana jira, sai na ƙara da cewa tsohon kafin ya cika ya bar wasiyya kada a ba kowa sai makaɗin Katsina. Bawana ya karɓa da hannu biyu, ya yi wa mamacin addu'a, ni ma na shafa. Ya kai farcen hanci ya lumshe ido. Da ya kaɗa, matarsa ta leƙo daga ɗakin girki da muciya a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta koma ba har ya kai ƙarshen take.

Watan jiya aka yi suna a gidan wani maƙwabcinsa, aka gayyace ni. Yana cikin kiɗa ya hango ni, sai ya juya take ya kama kirarina: ɗan namiji mai cika alkawari, wanda ya ƙetare gulbi don bawansa, wanda ko tsoron hanya bai mai da shi ba. Mutane suka turo ni gaba in yi liƙi. Na zaro abin da ke aljihuna na manna masa a goshi, ina kallon hularsa don kada mu haɗa ido. Bai daina kaɗawa ba, ya ɗan karkato kai wajen kunnena.

"Tsohuwar ta ce akwai saura?"

"Akwai," na ce.

"To madalla. In wanga ya tsage, kai za ka koma."

Na ce to.