Bidiyon minti huɗu da ya dawo da abokina gona

Shekarun baya, lokacin da buhun taki ya fara gagarar talaka, shiga mota zuwa birni ma sai mutum ya yi shawara da iyalinsa, na tafka wata katoɓara da har yau ban gama haɗiye ta ba. Yawancinku kun san ni da sharhin ƙwallo a wannan shafin. To a wancan lokacin ma haka nake, sai dai shafina benci ne a gidan kallon ƙauyenmu, can bayan Minjibir. Na gama makarantar horon malamai, aiki ya ƙi samuwa, sai na naɗa kaina malamin ƙwallo. Idan gardama ta kaure ni ake jira in raba. Ko ƙungiyar unguwa ban taɓa buga wa ba, amma a baki babu kocin da ban kora daga aiki ba.

Ina da aboki tun na ƙuruciya, ɗan kokawa. Ƙato ne na gaske, idan zai shiga zaure sai ya sunkuya kuma ya karkace. Ga sanyin hali, ga ƙarancin magana, bokonsa kuwa bai wuce firamare ba. Wani ya ɗauki bidiyonsa a kokawar kaka ya sa a intanet, sai ga saƙo daga wasu mutane masu neman ƙattai domin wani wasan ƙwallo na Amurkawa, wanda ake yi da hular kwano da kafaɗu a cushe. Ni na karanta saƙon, ni na cike takardun, ni na raka shi Abuja na yi masa tafinta. A gabana suka auna tsawon hannunsa da faɗin tafinsa kamar masu sayen sa a kara, suka sa shi gudu, suka sa shi tura wani ƙarfe, suna ta kallon juna suna gyaɗa kai. Ni da Turancina da takarduna babu wanda ya tambayi ko sunana. Muka dawo ina taya shi murna da baki, cikina kuwa Allah kaɗai ya san abin da ke dafuwa a ciki.

Suka tafi da shi ƙasar waje suka horar da shi wata shida. Da bazara ta kama sai labari ya zo cewa wata ƙungiyar ƙwararru ta ɗauke shi. Amma ɗaukar gwaji ce: zai zauna da su har ƙarshen damina, idan ya yi musu su riƙe shi, idan bai yi ba ya kama gabansa.

A nan matsalar take. Mahaifinsa, wanda duk muke kira Baba, tsohon ɗan kokawa ne da gwiwa ta kayar. Abokina ne kaɗai ɗansa namiji, matan duk suna gidajen aure. Daminar da ta wuce, da abokina yake ta zirga-zirgar shirin tafiya, an yi wa Baba gayya an nome masa gonakinsa biyu, amma a shekarar wahala ba a yi wa mutum gayya sau biyu, kowa ta kansa yake. Ga shi a wajenmu ƙasa ta yi kaɗan, gona tana jikin gona, duk wadda ka bayar aro sai an kai ruwa rana kafin ta dawo hannunka. Dole Baba ya zaɓa kafin ruwan shuka: ko ya ba da gonakin aro ya jira ɗansa, ko ya kira shi gida.

Ranar wata Laraba bayan la'asar ya aiko aka kira ni. Na same shi a zaure ya miƙe ƙafa a kan tabarma. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, an ce abokinka ya turo maka hoton aikin nasu mai motsi."

Na ce, "Ya turo, Baba, jiya."

Ya ce, "To ni ban san wannan abu ba. Shi kuma in na tambaye shi, ba zai ce min yana shan wahala ba, na san halinsa. Kai ne ka yi boko, kai ne ka san ƙwallo. Ka duba tsakaninka da Allah ka gaya min. In sana'a ce ta gaske, in haƙura in ba da gonakin. In kuwa wasa da hankali ne, ya dawo mu rufa wa kanmu asiri."

Na zauna kusa da shi na kunna wayar. Bidiyon minti huɗu ne, an yanko wuraren da abokina yake a wasannin gwaji an haɗa. Ga abin da na gani. Mutane sun jeru layi biyu suna fuskantar juna a durƙushe. Ƙwallon kamar gwanda. Sai a miƙa ta ga wani siriri a baya, shi kuma ya tsaya yana neman wanda zai jefa wa. Abokina yana cikin ƙattai biyar na gaba. Da an fara sai ya ɗaga ƙafa ya yi baya, ya ƙara yin baya, hannayensa a ƙirjin wani ƙaton da ya taso masa, su yi ta turereniya, sai a busa usur. A sake jeruwa, a sake haka. Fiye da sau goma.

Idon Baba ba ya gani sosai, sai tambaya yake. "Wanne ne shi?"

"Ga shi nan a gefe, Baba, mai lamba a baya."

"Ya taɓa ƙwallon?"

"A'a."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

"To ya kayar da wancan?"

Na ce, "Bai kayar ba. Baya ma yake ja."

Baba ya ɗago kai ya dube ni. "Baya? Ɗana?"

Jama'a, a nan ne ya kamata in ce ban sani ba. Kalma uku ce. Wallahi ban san dokar wasan ba, ban san me ake nema ba, ban ma san yadda ake cin maki ba. Amma mutumin da ake jira ya raba gardama a gidan kallo, yaya za a yi ya buɗe baki a gaban dattijo ya ce bai gane ba? Sai na gyara zama na ɗauko muryar sharhi. Na ce a duk wasan ƙwallo na duniya, darajar ɗan wasa tana ga taɓa ƙwallo. Na ce wanda aka hana ƙwallo an raina shi ne. Na ce ga alama sun ajiye shi ne 'yan wasan gaske suna koyon ture mutum a jikinsa, kuma ko turewar ma ana fin ƙarfinsa, tunda ga shi yana ja da baya. Na rufe da cewa a ganina ba za su riƙe shi ba.

Ina faɗa ina jin daɗin yadda maganar ke fita sumul. Wannan ne abin da ya fi ci min rai idan na tuna.

Da na koma gida na ba mahaifiyata labari, tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Kai ka taɓa ganin wasan nan kafin jiya?" Na ce ai ƙwallo duk ƙwallo ce. Ta ce, "Uhm," ta ci gaba da aikinta.

Washegari Baba ya sa aka kira masa ɗansa a waya, ina zaune. Abokina ya fara bayani, muna jin muryarsa sama-sama yana cewa, "Baba, ai haka aikin yake, tsaya in gaya maka." Baba ya katse shi. "Wanda ya fi ka sani ya gani da idonsa. Ban haife ka don a mai da kai turmin da ake daka a ciki ba. In ni na haife ka, ruwan shuka ya same ka a gida." Can sai muka ji ya ce, "To, Baba."

Ya dawo kwana tara kafin ruwan farko, da jaka ɗaya. Ya zo har gida ya gaishe da mahaifiyata, ya ba ni hannu, ya tambayi lafiyata. Bai ce min komai a kan maganar ba, ni ma ban tayar ba. Daminar kuwa ruwa ya ɗauke ana tsakiyar fitar kai, geron da aka samu bai kai su bazara ba. Da rani ya shiga lodin buhuna a kasuwa.

Sai bayan shekara biyu na san abin da na aikata. Na je Rijiyar Zaki wurin wani ɗan'uwanmu, na tarar da maƙwabcinsa, wani malamin jami'a da ya yi karatu a Amurka, yana kallon irin wasan a kwamfuta. Don in nuna ni ma ba baya ba ne, na ce ai abokina ya taɓa yi, na lalubo tsohon bidiyon na miƙa masa. Ya kalla, ya mayar farko, ya sake kalla. Sannan ya ce, "Ka ga siririn nan mai jefa ƙwallo? Duk ƙungiyar a kansa take. Waɗancan so suke su kai gare shi su murƙushe shi. Aikin ƙattai biyar ɗin nan su tare. Doka ma ba ta ba su damar karɓar ƙwallo ba. Ja da bayan da kake gani da gangan ne, katanga suke yi masa. Yanzu ƙirga min sau nawa aka wuce ta gefen abokinka."

Muka ƙirga tare. Babu ko ɗaya.

Ya ce, "Mutumin da wata shida kawai ya yi yana koyo? Kai, wannan baiwa ce. Wace ƙungiya yake yanzu?"

Na ce yana gida. Ya ce rauni ya ji? Na ce a'a, sha'anin iyali ne. Ban iya cin abincin da aka kawo mana ba.

Na yi mako guda ina kai gwauro ina kai mari kafin na iya zuwa wurinsa. Na same shi a gona yana huɗa da shanun aro. Na tsaya a kan kunya na kwashe komai na faɗa masa, har da abin da malamin ya ce. Ya tsayar da shanun, ya share zufa da gefen riga, ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Ai na sani. Kocinmu ya ce da ni, aikinmu in ka yi shi daidai ba wanda zai san kana wurin. Ranar da zan taho har ɗaki ya biyo ni da tafinta, wai in ƙara tunani."

Na ce ya yafe min, rashin sani ne.

Ya ce, "Kai na tura wa bidiyon don kai ne mutumina. Lambata tana wayarka. Da ka ce ba ka gane ba, da na gaya maka a minti ɗaya." Sannan ya ce, "Ba ka gane ba ne, ko ba ka so ka gane ba?"

Bai jira amsata ba. Ya ce ya yafe, abin da Allah ya rubuta ba ya wuce lokacinsa. Amma yana da sharaɗi ɗaya: kada in kuskura in gaya wa Baba. "Tsoho ne. In ya san abin da ya raba ni da shi, baƙin ciki zai kashe shi. Bar shi yana ganin daidai ya yi." Ya ɗaga bulala ya kora shanunsa.

Yau idan kuka ga na rubuta a nan cewa ban san abu ba, kuna ta yi min dariya kuna cewa malam ya tsufa, to ga inda na koyo shi, kuma ba ni na biya kuɗin makarantar ba. Abin da na gane shi ne, jahili mai shiru ba ya cutar da kowa sosai. Wanda ake jin tsoro shi ne irina, mai guntun sani da zaƙin baki, wanda mutane suka yarda da shi, ga kuma ɗan ƙyashi a ƙasan zuciya da shi kansa bai yarda yana da shi ba. Har yanzu ina jin haushin shekarun nan da suka sa gona biyu suka fi ƙarfin rayuwar mutum. Amma haushin kaina ya fi.

Baba yana nan da ransa, ya ƙara tsufa. Duk Juma'ar da na je gida, bayan an sauko daga masallaci sai ya kamo hannuna ya juya ga jama'a ya ce, "Wannan yaron shi ya ceto min ɗana daga hannun masu wasa da shi. Allah ya yi maka albarka, Malam." Abokina yana tsaye a gefe yana riƙe da takalman tsohon, yana kallona. Ni kuma sai in sunkuyar da kai in ce amin.