Ranar da Manhajata Ta Kasa Gane Gidanta

Ko na manta komai a aikina, ba zan manta ranar da manhajata ta kusa jawo wa manoman Argungu asarar shinkafarsu ba.

Lokacin ban daɗe da gama karatu a Birnin Kebbi ba, ina ji da kaina kamar ni na ƙera kwamfuta. Ƙungiyar manoma ta su kawuna ta sa na rubuta mata ƴar manhaja da yaren kwamfuta na Python. Sakatare zai shigar da awon ruwan kogin Rima, ita kuma ta tura wa kowa saƙo kowace safiya, ko a jira ko a yanke shinkafa kafin ambaliya. Lambobin wayoyinsu na zuba su a fayil ɗin saiti, na ajiye shi folda ɗaya da manhajar. A kwamfutata komai lafiya lau. Na ɗora ta a ta ofishinsu, na saita ta ta riƙa tashi da kanta, na koma gida ina hura hanci.

Kwana uku babu saƙo ko ɗaya. Sai ga kiran Kawu.

"Ke ɗiyata, mi ya faru? Ruwa na ta hauhawa, mutane sun ce ba su yankan shinkafa sai sun ga saƙonki. Ni fa na tsaya miki!"

Nan take na shiga motar Argungu ko karyawa ban yi ba.

Da na kunna ta da hannuna sai ta yi aiki. Da ta tashi da kanta sai ta ce ba ta ga fayil ba. Nan na gano wautata. Sunan fayil ɗin kawai na ba ta, kamar ka ce wa baƙo "gida na biyu daga nan" ba ka san inda yake tsaye ba. Ni kullum daga cikin foldar nake kunna ta, kwamfutar kuwa daga wani wuri take tayar da ita.

Layi ɗaya na gyara: ta fara gano inda ita kanta take, sannan ta nemi fayil ɗin a gefenta. Sai wayoyi suka hau ƙara a ofis, saƙo ya shigo cewa a yanke shinkafa yanzu. Wallahi har ƙwalla na yi.

"To, injiniya, kin hita kunya," in ji Kawu, ya saɓi laujensa.

Bayan kwana biyu ruwa ya shafe fadamar, amma shinkafa tana kan tudu. Tun ranar na daina cewa aiki ya kammala don ya yi a gabana. Sai na ga ya yi ba na wurin.