Abin da Teodosia Ta Samu a Ƙasan Tukunya

Doña Teodosia ba ta taɓa yanka kaza ta bar ƙundunta a rufe ba. Ko masu saye sun yi layi suna tsaki, sai ta tsaga ta leƙa abin da marigayiyar ta ci kafin ajali ya same ta. Ta sha samun tsakuwa da ƙwayar sha'ir da maɓallin riga, har da ɗan kunnen da matar mai gadi ta daɗe tana zargin surukarta a kansa. A kasuwar garin Lircay, can cikin tsaunuka masu sanyi, kowa ya san halinta. Tun tana yarinya ta kwance rediyon babanta don ta ga mutanen da ke surutu a ciki, ta sha duka, washegari ta kwance fitila. Abu ɗaya ne ta bincika ciki da waje ba ta samu komai ba amma ta riƙe, wato mijinta Don Crisanto, tsohon direban motar kaya.

Abin mamaki, mace mai wannan bin diddigi ba ta lura da abin da ke ƙarƙashin teburinta ba. Nan ne 'yarta Maribel, wadda ke wanki a wani masaukin baƙi, take ajiye 'yar jika Sayuri kowace safiya, cikin kwali da bargo. Yarinyar ta wuce shekara biyu, amma inda aka ajiye ta nan za a dawo a same ta. Ba ta kuka, ba ta ɓarna, ba ta magana. In tana son abu sai ta nuna da yatsa, in ba a gani ba ta haƙura. Matan kasuwa kuwa sai yabo suke, wai ga 'ya mai natsuwa, ga kumatu jajur kamar tumatir. Lasar bango da take yi ma dariya aka mai da shi.

Wata rana Maribel ta dawo daga awon yara a ɗakin shan magani tana share hawaye. Ta ce an soki yatsan yarinyar, an ce jininta ya yi ƙasa saboda ƙarancin sinadarin ƙarfe, kuma nas ɗin ta ce yanzu ne ake ginin ƙwaƙwalwar yaro, tubalin da ba a sa yanzu ba da wuya a cusa shi daga baya. Wataƙila rashin maganar ma daga nan ne.

Da gari ya waye Teodosia ta goya jikar, ta nufi ɗakin maganin da gashin kaji a zanenta da faɗa a bakinta. Nas ɗin, Rosmeri, yarinya ce da ba ta kai ƙaramar 'yar Teodosia ba.

"'Yar nan, ke ce kika ce jikata ba ta da jini? Dubi kumatun nan. Ko tabarau za mu haɗa kuɗi mu saya miki?"

"Mama, sanyi ne da rana suka gasa kumatun. Matso ki ga inda jini ba ya ƙarya."

Ta ja fatar idon Sayuri ƙasa. Cikin fari fat, kamar dankalin da aka fere. Sannan ta ja fatar nata idon, cikin jajur. Nan take faɗan ya zube daga bakin tsohuwa, tambaya ta maye gurbinsa. Wane irin ƙarfe ne a jini, irin na ƙusa? Ta yaya yake hawa har kai? Su bitamin ɗin nan, mutum nawa ne, kuma kowa da aikinsa? Rosmeri ta amsa iya abin da ta sani, sannan ta tambayi abin da yarinyar ke ci. Teodosia ta ɗaga kai da alfahari ta ce romon kaza, safe da yamma, jikar mai kaji ce fa. Da aka tambaye ta naman da hantar fa, sai ta yi dariya. Ai ko jaririn jiya ya san ƙarfin kaza a romo yake narkewa, nama saura ne na masu haƙori.

Rosmeri ta ce ba haka ba ne. A murƙushe mata hanta da dankali, a ba ta gwaiduwar ƙwai da kabewa. Garin bitamin ɗin da aka ba Maribel tun awon baya kuma a cikin abinci mai kauri ake zuba shi, ba a tafasasshen romo ba, shi ya sa yake ɗanɗanon tsatsa yarinyar take tofarwa. Kuma a daina bin abinci da shayin ganye, a ba ta lemo.

Teodosia ta ce to, irin "to" ɗin da ake ce wa mahaukaci don ya ba da hanya. Maganar ido ta gani, ta yarda. Maganar romo kuwa, ita da uwarta da kakarta duk su zama wawaye saboda yarinyar da ko kaza ba ta iya figewa ba?

Ranar nan ba wanda ya tsira a kasuwa. Ta ja fatar idon mai gadi, ta ja na mai sayar da kifi, ta ja na yaran layin gaba ɗaya. Doña Bartola mai cuku, wadda teburinsu ke manne tun suna da ƙugu, ta buge mata hannu ta ce, "Ƙawata, kin gama da cikin kaji kin koma kan mutane? In kin ga wani abu a nawa ki bar shi, ajiya ce." Amma Teodosia ta lura da abin da ya hana ta sakat. Yara masu rawar kai, waɗanda uwayensu ke zagi daga safe zuwa yamma, idonsu ja ne. Biyu daga cikin waɗanda ake yabo da natsuwa, nasu kamar na Sayuri.

Busasshen dankali ne ya ba ta dabara. Duk wanda ya taɓa shanya dankali a raɓar sanyi, ya tattake shi, ya bar wa rana, ya san ruwa ne ke tafiya, abinci ya tsaya. To in ƙarfin kaza a romo yake, a kori ruwan a ga abin da zai tsaya mana.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, ta dafa kaza mai kyau, ta tsame naman da hantar a faranti, ta ɗebi romo cikin kofin da ake ba Sayuri ta juye a ƙaramar tukunya, ta ɗora a wuta ba murfi. Ta ja kujera ta zauna tana gadi. Ɓerayen masar da take kiwo suna ta zirga-zirga a ƙafarta. Don Crisanto ya leƙo ya tambaya ko yau hayaƙi za a ci. Ta ce ya je ya ci gaba da aikin da ya iya, wato zama.

Romo ya tafasa, ya ragu, ya ƙafe. Ta sauke, ta kankare ƙasan tukunyar da cokali. Abin da ta tara bai rufe bakin cokalin ba, wani ɗan maiƙo mai danƙo. Ta lasa, gishiri ne da kitse. Ta juya ta kalli hantar, tana nan zaune a faranti da nauyinta, ba abin da ya ragu a jikinta.

Ta ɗauki kofin tana jujjuya shi a hannu. 'Ya'ya huɗu ta yaye da wannan kofin. Ta tuna Wilber, na biyunsu, wanda malamai suka riƙa kira jaki har ya bar makaranta ya tafi haƙar ma'adinai. Romon ne? Ko dai haka Allah ya yi shi? Wannan kam ba tukunyar da za ta ƙafe ta gaya mata.

A gidan, tun ranar aure, hanta ta maigida ce. Da Crisanto ya miƙa hannu kamar kullum, sai ya ji cokali a bayan yatsunsa.

"Tsoho, taka ƙwaƙwalwar an gama ginin, ko yaya ya fito haka za mu zauna da shi. Hanta ta canza gida."

"To ni me zan ci?"

"Romo. Ai an ce nan ƙarfin yake."

Sayuri ba ta karɓa da daɗi ba. Ta tofar, ta rufe baki, ta juya kai. Teodosia ta gwada da dankali mai ruwan ƙwai, ta gwada da kabewa, ta gwada tana waƙa da muryarta mai korar karnuka, har ta gano yarinyar tana ci in an bar ta ta damƙa da hannunta. Da bayan gidanta ya yi baƙi saboda garin bitamin ɗin, Maribel ta firgita. Tsohuwa kuwa tsinke ta samu ta bincika, sannan ta je ta tambayi Rosmeri, aka ce ba komai, haka yake yi.

Damina ta zo ta wuce kafin a sake sukan yatsa. Jinin ya hau. Teodosia ba ta yi guɗa ba, tambaya ta yi: watannin da aka yi asara, suna dawowa? Rosmeri ta ce ba mai iya rantsuwa a kan wannan. Wasu yaran suna cimma sa'o'insu, wasu da ɗan saura. A dai ci gaba da abincin, kuma a riƙa yi mata magana, a yi wasa da ita, don kunne ma yana ciyar da kai. Matar da ta saba hira da matattun kaji sai ta mai da hirar ƙarƙashin tebur. Tana fige kaza tana gaya wa Sayuri sunan kowace gaɓa, da tarihin kowace mai saye, har da wanda bai kamata ba.

Maganar tana zuwa a hankali. Har yanzu jikan Bartola, sa'anta, ya fi ta baki nesa ba kusa ba, kuma Bartola ba ta bari a manta. Amma yabon natsuwa ya ƙare. Kwali ya daina riƙe ta. Ta zubar da gishirin mai kifi, ta cusa wa karen mai gadi ƙafar kaza a kunne, matan da ke sa mata albarka suka koma cewa a ɗaure ta.

Wata safiyar Asabar, kasuwa ta cika, sai ga kaji sun watse ko'ina. Wata ta hau kan cukun Bartola, wata ta shige ƙarƙashin siket ɗin matar mai unguwa. Sayuri na tsaye gaban kejin kajin kakarta, ƙofarsa a buɗe. Sakatar kejin nan sai an ɗaga ta sama, an murɗa, sannan a ja. Crisanto ma sai ya yi ta faman zagi kafin ta buɗu masa.

Bartola na ihu a zo a kama kaji, Teodosia ko kallonsu ba ta yi ba. Ta goge hannu a zane, ta durƙusa da ƙyar, ta mai da ƙofar kejin, ta saka sakatar yadda take.

"Zo nan, uwar ɓarna," ta ce. "Sake yi in gani."