Nauyin Zani Uku

Duk wanda ya yi aiki a ɗakin bakwaini na asibitin nan na Zinder ya san halin Rut Iliya, ma'aikaciyar jinya. Ko daga hannun wa takardar nauyin jariri ta fito, sai ta tuɓe jariri ta ɗora shi a sikeli da kanta. Abokan aiki har tsiya suke mata, wai ko mai sayar da gero bai kai ta son awo ba.

Na'urar numfashi ba ta da ido. Da nauyin jariri ake ƙayyade iskar da za ta riƙa hura masa, in ta yi yawa huhu ya fashe. Rut ta koyi wannan shekara tara da suka wuce, a kan wani yaro daga Hamdara. Takardarsa ta ce kilo ɗaya da rabi, ita kuma ta saita na'ura a kan haka. Ashe da zannuwansa aka auna shi a ƙauye, gudun kada iska ta buge shi. Kwanansa biyu a duniya, ko suna bai samu ba. Babu wanda ya ga laifinta, ita ce dai ba ta yafe wa kanta ba.

Wata Talata da hantsi aka kawo wata jaririya daga Takieta, ƙunshe cikin zani uku, kakarta na rungume da ita. Likita Kyari ya duba takarda, ya faɗi lambobin da za a sa wa na'ura. Rut ta miƙa hannu.

"Inna, ba ni ita in auna."

"An auna ta can, Madam. Ba a buɗe bakwaini. Ga sanyi, ga idon mutane."

"Na taɓa barin wani a rufe, Inna. A hannuna ya cika."

Tsohuwa ta dube ta, sannan ta warware zannuwan ɗaya bayan ɗaya. Giram ɗari huɗu suka tafi tare da su. Kyari ya soke lambobinsa, ya rage iska, ƙirjin yarinya ya shiga ɗagawa a hankali.

Ranar suna uban yarinyar, Alkasum, ya leƙo da dabino, ya ce an raɗa mata Nana. Rut ta rubuta a katin da ke jikin gadon yarinyar. Katin yaron Hamdara yana nan cikin Littafi Mai Tsarki nata, gurbin suna babu komai har yau.