Yatsa Ɗaya a Kan Gilashi

Shekara biyar ke nan da rasuwar maigidana, Malam Adamu. Ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, yau ma da alƙalami na kira shi. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, masu karatu su yi haƙuri da rubutuna.

A wani filin jirgin sama mai nisa yake aiki, ni kuwa ina nan Bauchi, unguwar Ɗan Iya, da goyon 'yarmu Ladi. Sai ya sami hutu muke ganinsa. Aikinsa kula da wata na'ura da ke hango jirgi tun yana nesa, rada suke ce mata. Da faifai da tsinken tsintsiya ya kwatanta mini. A kan hasumiya akwai wata ƙatuwar eriya da ke juyawa ba tsayawa. A ɗaki kuma akwai gilashi kamar faifan nan, wani layin haske yana zagaya shi kamar tsinken. Dole inda eriya ta fuskanta, nan layin zai nuna. In suka saɓa, jirgin da ke tafe daga gabas sai a gan shi a wani gefen, a kuma ba direbansa hanyar da ba ita ba.

Na ce, to yaya ake gane sun saɓa? Ya ce akwai wani dutse kusa da filin da kullum yake fitowa a gilashi, a wuri ɗaya. Dutse ba ya tafiya. In aka ga ya gusa, na'ura ce ta yi ƙarya. Sai a kashe injin, mutum ɗaya ya hau sama ya saita eriya da dutsen, ɗaya a ƙasa ya juya layin har su haɗu.

A hutunsa na ƙarshe ba ya cin abinci sosai. Na lura yana yawan duban yatsansa manuni. Da na matsa masa, sai ya ce haƙoran ƙarfen da ke juya eriyar sun cinye, dutsen yana gusawa da faɗin yatsa ɗaya. Na yi dariya, na ce yatsa ɗaya kawai? Bai yi dariya ba. Ya ce, "Yatsa ɗaya a gilashi, a sama tafiyar wuni ce a ƙafa."

Da damina ta kama, abokin aikinsa ya zo mana da labari. Ya ce hadari ya rufe gari, jirgi na tafe da mutane, dutsen ya gusa. In an kashe injin, ba mai ganin jirgin. Sai Malam ya hau hasumiyar alhali eriya na juyawa, don ya ɗaure abin da ya kwance. Jirgin ya sauka lafiya. Shi kuwa ƙarfen ya make shi ya faɗo.

Yanzu an sami mulkin kai. Turawan da suka koya masa aikin suna ta ɗaure kaya, ana neman 'yan ƙasa su karɓa. Da yana raye na san zai yi murna, ya sha cewa hannunmu ma zai iya. Amma na san kuma abin da zai fara tambaya: an canza haƙoran nan kuwa? Na tambayi duk wanda na sani, ba wanda ya ba ni amsa.

Ga shi an ɗauki ƙanena Hamza wannan aikin. Innarmu ta ce ba za ta sa masa albarka ba sai na ce to, tunda ni na san abin. Na kira shi zaure, Ladi na wasa a gefenmu, na ce, "Hamza, in jirgi na tafe, dutse ya gusa, za ka hau?"

Ya ce, "Haba Yaya, ke da tsoro! Ko kaza ta yi tari sai kin nemo mai magani." Na ce ba wasa nake yi ba. Sai ya daina murmushi. "To in ban hau ba, wa zai hau?"

Malam bai bar mana gida ba, bai bar mana gona ba. Abin da ya bari shi ne wannan halin, kuma a tabarmarsa Hamza ya ɗauke shi, tun yana zuwa sauraron hirarsa. Ban san ko in gode wa Allah ba ne ko in yi kuka. Na dai shiga na ce wa Inna ta sa masa albarka. Ta tambaye ni me ya ce da na yi masa magana. Na ce mata ya ce zai kula.